Abota Ta Hanyar Wasiƙa: Chekhov Da Suvorin

A cikin wasiƙu fiye da 4,000 da suka rage daga hannun marubucin Rasha Anton Chekhov, 337 mutum guda ya aika wa, wato Aleksei Suvorin, mai jaridar Novoye Vremya ta birnin Petersburg. Ta farko a watan Fabrairun 1886 ya rubuta ta, na ƙarshe kuwa a 1903, shekara guda kafin rasuwarsa. Da yawa daga cikin maganganun Chekhov da manazarta adabi ke kafa hujja da su game da aikin marubuci a cikin waɗannan wasiƙu suke. Abin da ya ɗaure wa mutanen zamaninsa kai shi ne wanda ake rubuta wa wasiƙun. Chekhov likita ne mai duba talakawa kyauta, wanda ya yi tattaki har tsibirin fursunoni don ya ga halin da suke ciki. Suvorin kuwa attajiri ne, jaridarsa ta yi suna wajen goyon bayan gwamnatin Sarkin Rasha da ƙin jinin Yahudawa. Tarihin abotarsu ya nuna cewa saɓanin ra'ayi ne ya raya ta har shekara 12, kuma shi ne ya raunana ta sa'ad da gardamar ta tashi daga batun adabi ta koma kan mutumin da aka zalunta.

Asalin mutanen biyu

An haifi Chekhov a 1860 a Taganrog, garin tashar jiragen ruwa a bakin Tekun Azov, kudancin Rasha. Kakansa bawan gandu ne, irin manoman da masu ƙasa ke mallaka tare da gonakinsu. Ya tara kuɗi ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841, shekara 20 kafin a soke wannan bauta. Mahaifinsa mai kanti ne, mai tsananin riƙo da addini da saurin duka. Kasuwa ta juya masa baya a 1876, ya gudu Mosko saboda bashi. Chekhov ya zauna a Taganrog ya ƙare makaranta, ya bi iyayensa a 1879, ya karanta likitanci a Jami'ar Mosko, ya gama a 1884. Domin ciyar da gida ya riƙa rubuta gajerun labarai na ban dariya yana sayar wa ƙananan mujallu, yana sa musu hannu da sunan aro, Antosha Chekhonte.

Suvorin ya girme shi da shekara 26. An haife shi a 1834 a ƙauyen Korshevo cikin lardin Voronezh, lardin da kakan Chekhov ma ya fito. Mahaifinsa ɗan manoma ne da aka ɗauka soja, ya yi yaƙin Borodino da rundunar Napoleon a 1812, ya yi ta hawa har ya kai kyaftin. Suvorin ya fara da koyarwa a makarantun lardi, sa'an nan ya shiga aikin jarida, ya shahara a shekarun 1860 a matsayin mai kaifin alƙalami cikin masu neman sauyi. A 1876 ya sayi Novoye Vremya, wato Sabon Zamani, ya mai da ita ɗaya daga cikin jaridun da suka fi ƙarfi a ƙasar. Ya kafa maɗaba'a da kantunan littattafai, ya samu damar sayar da jarida da littafi a tashoshin jirgin ƙasa, ya kuma fito da jerin littattafai masu araha da suka kai manyan marubuta hannun marasa ƙarfi. Amma yayin da dukiya ke ƙaruwa sai jaridar ta riƙa karkata ga duk inda gwamnati ta karkata, har marubucin zambo Saltykov-Shchedrin ya laƙaba mata sunan da ke kwatanta ta da baran da ke tsaye yana jiran abin da maigida zai buƙata.

Mutanen biyu dai sun haɗu a abu guda: dukkansu daga ƙasa suka taso, ba gadon sarauta, ba gadon dukiya, a zamanin da manyan marubutan Rasha irin su Turgenev da Tolstoy 'ya'yan masu gandu ne.

Yadda aka fara

Chekhov ya fara zuwa Petersburg a watan Disambar 1885, ya tarar da cewa ana karanta labaransa da muhimmanci fiye da yadda shi kansa ya ɗauke su. A nan ya haɗu da Suvorin, wanda ya gayyace shi ya yi wa jaridarsa rubutu. Mujallar barkwancin da ya fi yi wa aiki tana biyansa kobek 8 a kan kowane layi, kuma ba ta son labari ya wuce layi ɗari ko makamancin haka. Suvorin ya ba shi kobek 12, bai ƙayyade masa tsawo ba, ya kuma nemi ya ajiye sunan aro. A watan Fabrairun 1886 labarin "Panikhida", wato addu'ar mamaci, ya fito a jaridar da sunan Chekhov na gaskiya.

A wasiƙarsa ta farko, mai ranar 21 ga Fabrairu bisa tsohuwar kalandar Rasha, wadda ke bayan ta Turai da kwana 12 a wancan ƙarni, Chekhov ya gode wa Suvorin a kan gyaran da ya ba shi game da ƙarshen labarin. Ya ce shekara shida ke nan yana rubutu, amma Suvorin ne na farko da ya nuna masa kuskure kuma ya faɗi dalili. A kan wannan aka kafa abotar: babba yana suka tare da hujja, ƙarami yana amsawa tare da hujja. Maɗaba'ar Suvorin ce ta buga tarin labaran da ya jawo wa Chekhov lambar yabo ta Pushkin a 1888. A bazarar wannan shekara Suvorin ya ziyarce shi a karkara kusa da Sumy, shi kuma ya rama ziyarar a gidan hutun Suvorin da ke Feodosiya a Kirimiya, inda suka yi kwanaki suna hira ba dare ba rana.

Duk da wannan kusanci, har abada ba su sauke harshen girmamawa ba. Chekhov yana kiransa Aleksei Sergeyevich, wato sunansa haɗe da na mahaifinsa, yana kuma amfani da wakilin suna na jam'i, kamar yadda Bahaushe kan ce wa babba "ku". Ya kuma kiyaye zancen kuɗi. A watan Agustan 1888 ya rubuta masa cewa yana tsoron kada wani ya yi zaton yana bukatarsa ne a matsayin mai buga littattafai maimakon a matsayin mutum, kuma bai yarda ya zama ma'aikacin jaridar na dindindin ba.

Wasiƙa a matsayin fagen muhawara

Chekhov bai rubuta maƙala guda da ke bayyana ra'ayinsa kan adabi ba. Abin da aka sani ya fito ne daga amsoshin da ya bai wa masu sukarsa, Suvorin kuwa shi ne kan gaba. Mutum ne mai son gardama, mai yawan karatu, wanda ba ya barin labari ya wuce bai ce wani abu ba. Daga amsoshin ana iya gane abin da ya faɗa.

A watan Mayun 1888 ya soki wani labarin Chekhov da cewa ya tayar da batun yanke ƙauna daga rayuwa amma bai warware komai ba. Chekhov ya amsa a ranar 30 ga watan cewa warware irin waɗannan manyan tambayoyi ba aikin mai ƙaga labari ba ne. Aikinsa ya nuna wanda ya yi magana, da yadda ya yi ta, da halin da yake ciki. Marubuci shaida ne marar son kai, masu karatu su ne za su yanke hukunci. Suvorin bai gamsu ba, ya sake dawowa kan batun, sai Chekhov ya ƙara fayyacewa a ranar 27 ga Oktoba: akwai bambanci tsakanin warware matsala da gabatar da ita daidai, kuma na biyun ne kawai ya wajaba a kan mai fasaha. A 1890 gardamar ta sake tashi a kan wani labari na ɓarayin dawakai. Suvorin ya zarge shi da rashin bambanta alheri da sharri. Chekhov ya ce an daɗe da sanin satar doki laifi ce ba sai ya faɗa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna wane irin mutane ne ɓarayin, ya yi magana da harshensu, ya yi tunani irin nasu.

Haka kuma da Suvorin ya shawarce shi ya bar likitanci ya fuskanci rubutu kaɗai, amsar da ya samu a watan Satumbar 1888 ita ce kwatancin da ya shahara, cewa likitanci matarsa ce ta aure, adabi kuwa farkarsa, in ya gaji da ɗaya ya tafi wurin ɗayar, kuma babu wadda ke asara.

Wasiƙar da ta fi nuna zurfin amincin ita ce ta 7 ga Janairun 1889. A cikinta Chekhov ya ba Suvorin shawarar ya rubuta labarin wani saurayi ɗan bawan gandu, yaron kanti, wanda aka tarbiyyantar a kan rusuna wa masu muƙami da godiya a kan kowace loma, aka sha dukansa, ya saba da munafunci don kawai yana ganin kansa ba kowa ba ne. A nuna yadda yake matse bawan da ke cikinsa ɗigo bayan ɗigo, har wata safiya ya farka ya ji jinin ɗan'adam na gudana a jikinsa. Kansa yake nufi. Chekhov mutum ne mai zurfin ciki, ba kasafai yake buɗe wa kowa ƙuruciyarsa ba, amma ya san ɗan tsohon soja daga Korshevo zai gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Tafiyar Sakhalin

A farkon 1890 Chekhov ya ƙudura tafiya Sakhalin, tsibirin da ke can ƙarshen gabashin Rasha inda gwamnati ke kai ɗaurarru. Suvorin ya yi ƙoƙarin hana shi, yana cewa babu mai bukatar Sakhalin, babu wanda ya damu da shi. Amsar 9 ga Maris tana cikin wasiƙun Chekhov mafi zafi. Ya ce tsibirin zai zama marar muhimmanci ne kawai ga al'ummar da ba ta tura dubban mutane can. Ya ce Rasha ta bar miliyoyin mutane sun ruɓe a kurkuku a banza, kuma laifin na kowa ne, bai kamata a ɗora wa gandirobobi kaɗai ba.

Da Suvorin ya ga bai iya hana shi, sai ya taimaka masa da littattafai da kuɗin somin taɓi da takardar shaidar wakilin jarida. Chekhov ya bar Mosko a ranar 21 ga Afrilu. Ba a fara shimfiɗa layin dogon Siberiya ba tukuna, saboda haka ya ratsa ƙasar a keken doki da jiragen kogi, ya isa tsibirin a ranar 11 ga Yuli. Rahotannin da ya aiko daga hanya a Novoye Vremya suka fito. Ya yi wata uku yana bin gida gida, ya cika katunan ƙidaya kusan 10,000 na fursunoni da waɗanda aka zaunar can. Daga cikin jirgi ya rubuta wa Suvorin cewa ya ga an yi wa wani bulala a gabansa, ya yi kwanaki yana mafarkin mai bulalar.

Bayan dawowarsa suka tafi Turai tare a 1891, suka ga Biyana da biranen Italiya da kudancin Faransa da Paris. A watan Fabrairun 1892 suka je lardin Voronezh don aikin agajin yunwar da ta afka wa Rasha. Waɗannan shekaru su ne ƙololuwar abotar.

Mutum daban, jaridarsa daban

Tun da wuri masu neman sauyi suka riƙa yi wa Chekhov gorin zamansa da Suvorin. Mai sharhi Mikhailovsky ya rubuta masa a 1888 yana yabon baiwarsa, yana kuma gargaɗinsa game da jaridar da yake ƙawatawa da labaransa. A wurinsu zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Chekhov ya kare kansa da rarrabewa: Suvorin mutum ne mai hankali da kyauta, jaridar kuwa taron wasu ne, irin su mai sharhi Burenin mai dafin alƙalami, da 'ya'yan Suvorin da ke ƙara samun iko a cikinta. Aibin da yake gani ga dattijon shi ne raunin hali, wato a zaure ya yarda da gaskiya, gobe jaridarsa ta buga akasinta. Littafin da Suvorin ke rubuta al'amuransa na yau da kullum, wanda aka buga a 1923, ya gaskata wani ɓangare na wannan, domin a ciki yana sukar ministoci da fada da kalmomin da jaridarsa ba ta bugawa.

A hankali Chekhov ya janye alƙalaminsa. Labarinsa "Ɗaki Na 6" ya fito a 1892 a mujallar Russkaya Mysl ta masu sassaucin ra'ayi, littafin Sakhalin ma a can aka fara buga shi kashi kashi daga 1893. Daga wannan shekara ya daina ba Novoye Vremya labarai. Sai dai wasiƙu ba su tsaya ba, Suvorin ya ci gaba da buga littattafansa, kuma a lokutan tsanani shi ne ke kusa. A ranar 17 ga Oktoban 1896 aka fara nuna wasan kwaikwayonsa Chaika, sunan wani tsuntsun bakin ruwa, a gidan wasa na Aleksandrinsky. 'Yan kallo sun zo da tsammanin barkwanci, suka yi wa wasan ihu. Chekhov ya fice ya yi ta yawo a titi har ƙarfe biyun dare, sa'an nan ya koma gidan Suvorin inda ya sauka, ya ce ba zai sake rubuta wasan kwaikwayo ba. Suvorin ya kare wasan a jaridarsa, ya kuma buga shi cikin tarin wasannin Chekhov a 1897.

A watan Maris na 1897 suna zaune za su ci abinci a Mosko sai jini ya ɓalle wa Chekhov ta baki. Suvorin ya kai shi masaukinsa ya kula da shi kafin a kwantar da shi a asibiti, inda likitoci suka tabbatar da tarin fuka, ciwon da ya kashe wansa Nikolai a 1889. Suvorin ya rubuta cewa da ya je dubiya ya ambaci ƙanƙarar kogin Mosko ta fara narkewa, sai fuskar Chekhov ta sauya, domin manoman da ke fama da wannan ciwo sukan ce da ruwan narkewar ƙanƙara za su tafi.

Shari'ar Dreyfus

Likitoci suka tura shi wuri mai ɗumi, ya yi hunturun 1897 zuwa 1898 a birnin Nis, kudancin Faransa. Ya tarar da ƙasar ta rabu biyu. A watan Disambar 1894 kotun soja ta samu Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude, da laifin sayar wa Jamus asirin soja, aka kai shi Tsibirin Shaiɗan a gaɓar Amurka ta Kudu. A 1896 shugaban sashen leƙen asiri, Picquart, ya gano cewa rubutun da aka kafa hujja da shi na wani hafsa ne mai suna Esterhazy. Rundunar soja ta ƙi amsa kuskure, kotunta ta wanke Esterhazy a ranar 11 ga Janairun 1898. Bayan kwana biyu marubuci Emile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasa a jaridar L'Aurore, yana tuhumar manyan hafsoshi da sunayensu. Aka gurfanar da shi a watan Fabrairu, aka yanke masa ɗaurin shekara guda da tarar faran 3,000.

Chekhov bai dogara da sharhin jaridu ba, ya riƙa karanta cikakken rahoton zaman kotu kalma bi kalma, ya gamsu cewa an yi zalunci. Novoye Vremya kuwa ta tsaya tare da soja, tana cewa kuɗin Yahudawa ne ke bayan masu kare Dreyfus, tana zagin Zola, alhali a shafukanta na ƙari tana buga fassarar littafinsa ba tare da biyansa ba.

A ranar 6 ga Fabrairu bisa kalandar Rasha, shari'ar Zola na gudana, Chekhov ya rubuta wa Suvorin doguwar wasiƙa cikin ladabi. Ya bi tarihin shari'ar daki daki. Ya ce idan mutane suka ji wani abu ya lalace a cikinsu sukan nemi dalili a waje, su ɗora wa Yahudawa ko wasu baƙi, don hankalinsu ya kwanta. Sa'an nan ya kawo hujjar da ta fi nauyi: ko da a ce Dreyfus mai laifi ne, Zola yana kan daidai, domin aikin marubuci ba tuhuma da farauta ba ne, aikinsa ya tsaya wa mutum ko mai laifi ne da zarar an yanke masa hukunci yana shan horo, masu gabatar da ƙara da 'yan sanda suna da yawa ko ba marubuta.

Mai karatu zai lura cewa wannan shi ne mutumin da ya ce marubuci shaida ne. Maganganun biyu ba su ci karo ba. A cikin labari yana ƙin yanke wa taurarinsa hukunci, a rayuwa kuwa yana ƙin shiga sahun masu jifan wanda aka riga aka kayar. Abin da ya rushe a wannan karon shi ne rarrabewar da ya daɗe yana yi tsakanin mutum da jaridarsa, domin Suvorin da kansa ya rubuta sukar Zola. Kafin watan ya ƙare Chekhov ya shaida wa wansa Aleksandr, wanda ke aiki a jaridar, cewa halinta a wannan batu abin ƙyama ne, kuma shi da tsohon sun yi musayar wasiƙa cikin sassauci, sa'an nan kowa ya yi shiru.

Abin da ya rage

Shirun bai zama rabuwa ba. Sun sake haɗuwa a Paris bayan 'yan watanni, suka yi yawo suka yi gardama, amma wasiƙun suka ragu, suka gajarta, suka fi karkata ga zancen lafiya da littattafai. A watan Janairun 1899 Chekhov ya sayar wa mai ɗab'i Adolf Marks haƙƙin duk ayyukansa a kan rubul 75,000. Ya daɗe yana kuka da jinkiri da rikicewar lissafi a maɗaba'ar Suvorin, kuma yana bukatar kuɗin gina gida a Yalta, inda ciwo ya tilasta masa komawa. Da wannan ciniki igiyar sana'a da ta haɗa su shekara 13 ta yanke.

A watan Fabrairun wannan shekara 'yan sanda bisa dawakai suka zane ɗaliban Jami'ar Petersburg da bulala, yajin karatu ya bazu a jami'o'in ƙasar. Suvorin ya rubuta yana ganin laifin ɗaliban. Masu karatu suka ƙaurace wa jaridarsa, ƙungiyar marubuta ta kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, dattijon ya shiga damuwa har barci ya gagare shi. Chekhov ya rubuta masa a watan Maris cewa bai dace a yanke wa ɗalibai hukunci a jarida ba alhali hukumar tace rubutu ta hana a buga abin da aka yi musu. A watan Afrilu ya sake rubutawa, ya ce a ƙasar da babu 'yancin faɗin albarkacin baki ba shi da ma'ana marubuta su kafa wa juna kotu, amma ya zayyana masa dalla dalla yadda jama'a ke kallon jaridarsa tun daga batun Dreyfus. Bai shiga cikin masu jifansa ba, bai kuma ɓoye masa gaskiya ba. Ƙa'idar da ya kare Zola da ita ce ya yi wa abokinsa aiki da ita.

Suvorin ya ziyarce shi a Yalta a 1902. A ranar 15 ga Yulin 1904 bisa kalandar Turai Chekhov ya rasu a Badenweiler ta Jamus yana da shekara 44. Suvorin yana cikin 'yan kaɗan da suka tarbi gawarsa a tashar jirgin ƙasa ta Petersburg, ya kuma rubuta ta'aziyyarsa a jaridar. Bayan shekara biyu, a 1906, kotun ƙoli ta Faransa ta wanke Dreyfus.

Rabin da ya ɓata

Bayan jana'iza Suvorin ya nemi Mariya, ƙanwar Chekhov, ta mayar masa da wasiƙunsa, shi kuma ya ba ta na ɗan'uwanta. Da su da sauran da ta tattara ta buga wasiƙun Chekhov cikin juzu'i shida tsakanin 1912 da 1916. Na Suvorin kuwa ba a sake ganinsu ba. Manazarta da dama suna ganin ya karɓe su ne don sun ƙunshi maganganu kan gwamnati da za su jefa shi cikin matsala, zato da littafinsa na yau da kullum ke ƙarfafawa. Ya rasu a 1912, Lenin ya rubuta a jaridar Pravda yana kwatanta rayuwarsa da tafiyar talaka mai neman sauyi da ya zama miloniya mai yabon masu mulki. A 1917, kashegarin juyin juya halin Oktoba, sabuwar gwamnati ta rufe Novoye Vremya, kuma shekaru da yawa a Tarayyar Sobiyat ana ɗaukar wannan abota a matsayin tuntuɓen da Chekhov ya yi yana matashi.

Wasiƙun ba su goyi bayan wannan hukunci ba. Shekara 17 na rubutu ya wuce tuntuɓe, kuma mafi nauyin tunanin Chekhov a kan sana'arsa ya fito ne sa'ad da Suvorin ya musa masa. Haka nan ba su goyi bayan mai son wanke Suvorin ba, domin abokin da ya fi kowa saninsa ya faɗa masa a rubuce inda ya kauce. Ɗalibin da ke nazarin wasiƙa a matsayin madogarar tarihi ya kamata ya riƙe cewa murya ɗaya yake ji, ɗayar sai dai ya tsinkayo ta daga amsoshi, kuma wanda aka ji bakinsa kullum ya fi kama da mai gaskiya. Suvorin ne ya adana wasiƙu 337 ɗin, har da ta 6 ga Fabrairun 1898 da ke ƙaryata matsayinsa, ya miƙa su da hannunsa aka buga.